Titin birni mai kuɗin wucewa: inda jarin 'yan kasuwa ke fitowa da wanda ke ɗaukar asara

Duk lokacin da gwamnati ta jinginar wa kamfani aikin babban titi a cikin birni, ya gina da kuɗinsa, ya karɓi kuɗin wucewa na shekara talatin, sannan ya miƙa wa hukuma, abin da ake fara shaida wa jama'a shi ne baitulmali ba zai kashe ko sisi ba. A ranar sa hannu maganar tana iya zama gaskiya. Sai dai mafi yawan kuɗin ginin rance ne, kuma masu biyansa biyu ne kacal: direban da ke bin titin, ko baitulmalin da aka ce an hutar. Yarjejeniyar da ake rubutawa, wadda kan kai ɗaruruwan shafuka, aikinta shi ne ta fayyace wanda zai biya idan lissafi ya ƙi fita.

Kamfanin da ya ci gasar ba ya gina titin da sunansa. Yana yi wa sabon kamfani rajista, wanda ba shi da wata sana'a sai wannan titi ɗaya. Masu hannun jari kan zuba kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin aikin, sauran kashi 70 zuwa 80 a ranto daga bankuna ko masu sayen takardun bashi. Idan abu ya lalace, banki ba shi da ikon bin uwar kamfanin, kuma ba zai kwance gadar sama ya kai kasuwa ba, domin filin na gwamnati ne. Jinginarsa ɗaya ita ce kuɗin da motoci ke biya kullum. Shi ya sa duk abin da aka tara yake shiga asusu ɗaya da bankuna ke sa wa ido, kuma a jere ake fitar da shi: albashi da gyaran yau da kullum, sai kuɗin ruwa da uwar kuɗi, sai a cike asusun ajiya wanda yawanci ke riƙe da biyan bashin wata shida, sai asusun manyan gyare-gyare. Abin da ya rage bayan wannan duka shi ne ribar masu jari.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Titi ya ci dala miliyan 500. An ranto miliyan 350 a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, za a biya cikin shekara 20, wato kimanin miliyan 38 duk shekara. Masu jari sun zuba miliyan 150. An yi hasashen mota 60,000 a rana, kowace tana biyan dala 3, abin da zai ba da kusan miliyan 66 a shekara. A cire miliyan 12 na gudanarwa, saura miliyan 54. Bankuna su ɗauki 38, masu jari su tashi da 15 ko 16, kimanin kashi 10 cikin ɗari na abin da suka zuba. Banki zai raba 54 da 38 ya samu 1.4, wato kuɗin da ke hannu ya fi bashin shekara da kashi 40 cikin ɗari, kuma wannan adadi shi ne abin da ya fi dubawa kafin ya ba da rance.

To, a ce motocin da suka zo 46,000 ne. Kuɗin shiga ya koma miliyan 50 da ɗoriya, kuɗin gudanarwa bai ragu ba domin fitilu da ma'aikata da kwalta ba su san yawan motoci ba, saura miliyan 38. Bashi ya cinye duka, masu jari sun tashi a tutar babu. Idan motocin 36,000 ne, giɓin miliyan 11 zai buɗe duk shekara, asusun ajiyar wata shida ba zai kai shekara biyu ba, kamfani ya durƙushe. Ba a zaɓi adadin 46,000 haka kawai ba. Binciken da masanin sufuri Robert Bain ya wallafa a 2009 kan tituna da gadoji da ramukan mota (wato hanyoyin ƙarƙashin ƙasa) masu kuɗin wucewa sama da ɗari ya nuna cewa a shekarar farko motocin da ke zuwa, a matsakaici, kashi 77 cikin ɗari ne na abin da aka yi hasashe. Ma'ana, abin da ya kai titin misalinmu bakin rami shi ne abin da aka saba gani.

Me ke sa hasashe yake yawan wuce gona da iri? Dalili na farko yana cikin gasar kanta. Idan kamfanoni biyar suka nema, wanda ya fi kowa kyautata zato game da yawan motoci shi ne zai iya yin tayin mafi arha, kuma shi zai ci. Gasar tana tace masu taka tsantsan ta bar mai zurfin buri. Ƙari a kan haka, sau da yawa kamfanin gine-gine yana cikin masu neman aikin, shi kuwa ribarsa tana cikin ginin, zai karɓi kuɗinsa ya sayar da hannun jarinsa tun kafin a gane motoci ba su zo ba.

Sauran dalilan na cikin birnin ne. Masu hasashe suna ƙiyasta kuɗin da direba zai yarda ya biya don ya tsira da minti goma ko ashirin, kuma sukan yi amfani da matsakaicin kuɗin shigar mutanen gari, alhali 'yan tsiraru masu hali ne ke ɗaga matsakaicin, yawancin direbobi suna ƙasa da shi. Cunkoso kuma na awa uku ne da safe da uku da yamma. Da tsakar rana ko da dare tsohuwar hanya a buɗe take, ba wanda zai biya. Tafiye-tafiyen cikin gari gajeru ne, kilomita uku ko biyar, kuma idan mashigar sabon titin tana nesa da gidan mutum, lokacin da zai ɓata kafin ya hau ya cinye ribar. Manyan motoci, waɗanda ake caja ninki biyu ko uku kuma aka ɗora lissafi a kansu, su ne kan fara kaucewa, musamman inda direba ke biya daga aljihunsa. Sannan mutane ba sa sauya hanyar da suka saba a rana ɗaya. Sabon titi kan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu kafin motocinsa su daidaita, amma bashi ya fara ƙirga kwana tun ranar buɗewa.

Ostireliya ta ga wannan sau da dama. Ramin Cross City da ke ƙarƙashin tsakiyar Sydney, mai tsawon kilomita 2.1, an buɗe shi a Agustan 2005 da hasashen mota kusan 90,000 a rana. Abin da ya samu bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba, kuma a Disamban 2006 masu bin bashi suka karɓe kamfanin. Ramin Clem7 na Brisbane ya ci kimanin dalar Ostireliya biliyan 3, aka buɗe shi a Maris 2010, kamfaninsa ya durƙushe a Fabrairun 2011, aka sayar da ramin a 2013 kan miliyan 618. Masu ba da rancen sun kai kamfanin da ya yi hasashen motocin kotu, aka sasanta a 2015 kan miliyan 280.

Wani zai ce ai a nan jama'a sun ci riba, tunda ramin yana nan, asarar kuwa ta masu jari ce. Akwai gaskiya a ciki. Amma masu jari suna karatu daga abin da ya sami 'yan'uwansu, kuma tun kafin a kai ga haka sun san hanyoyin da ake mayar da haɗarin wuyan gwamnati. A nan ne ya kamata mai karanta yarjejeniya ya fi daɗewa.

Hanya ta farko ita ce sharaɗin hana gasa. Layukan kuɗi na titin 91 a jihar Kalifoniya ta Amurka, waɗanda aka buɗe a Disamban 1995, yarjejeniyarsu ta hana hukuma faɗaɗa layukan kyauta da ke gefensu. Da cunkoso ya tsananta hukuma ta so yin gyara, kamfani ya garzaya kotu. Ba a samu mafita ba sai da hukumar sufurin yankin Orange ta saye layukan a 2003 kan dala miliyan 207.5 don kawai ta kwance wa kanta hannu. A Sydney ma an rage layukan wasu titunan sama, aka toshe wasu mashigai, don a kora motoci cikin ramin Cross City, abin da ya fusata mutane har gwamnati ta janye wasu daga cikin sauye-sauyen. Birni abu ne mai motsi. Ba wanda ya san inda za a buƙaci layin dogo ko hanyar manyan bas nan da shekara ashirin, kuma gwamnatin da ta yarda da irin wannan sharaɗi ta sayar da ikon tsara garinta.

Ta biyu ita ce lamunin kuɗin shiga: gwamnati ta yi alkawarin cike giɓi idan abin da aka tara ya gaza wani kaso na hasashe. Koriya ta Kudu ta yi haka, har lamunin ya kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari a ayyukan farko, sai ta ga duk shekara tana biyan kamfanoni saboda motocin da ba su zo ba, ta soke tsarin ga sababbin ayyuka a 2009. Illar a fili take: wanda aka lamunce wa kaso daga hasashensa, ƙara hasashen zai yi. Mafi muni shi ne lamunin riba. Titin DND da ya haɗa Delhi da Noida a Indiya, wanda aka buɗe a 2001, an tabbatar wa kamfaninsa ribar kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin aikin, kuma duk shekarar da ribar ba ta cika ba, sai a ɗora giɓin a kan uwar kuɗi. Bashin ya riƙa haihuwa ta yadda ba ranar da za a gama biya. Babbar kotun Allahabad ta dakatar da karɓar kuɗin a Oktoban 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a Disamban 2024.

Ta uku ita ce komawa teburin sulhu. Binciken Bankin Duniya na 2004 kan jinginarwa sama da dubu a Latin Amurka ya gano cewa an sake tattauna kimanin kashi 55 cikin ɗari na yarjejeniyoyin sufuri, a matsakaici bayan shekara uku kacal da sa hannu. A lokacin gasa kamfanoni da yawa ne gaban gwamnati ɗaya. Bayan an haƙe rabin gari, kamfani ɗaya ne ya rage, zaɓe yana tafe, kuma ba gwamnan da ke son a ga ginshiƙan gada tsirara. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk abin da ba a ɗaure ba kafin sa hannu, a wannan zama na biyu za a biya shi da tsada.

Tushen matsalar shi ne an ɗora wa ɗan kasuwa haɗarin da ba ya hannunsa. Yana iya kula da tsadar gini, da kammalawa a kan lokaci, da ingancin kwalta, da saurin janye motar da ta lalace, kuma a waɗannan wurare jarin 'yan kasuwa yana da amfani na gaske, domin wanda zai riƙe titi shekara talatin ba zai yi ha'inci a ƙarƙashin kwalta ba, shi zai gyara. Amma ba shi ke tsayar da farashin mai ba, ba shi ke yanke inda za a buɗe sabuwar unguwa ba, ba shi ke riƙe da tattalin arzikin ƙasa ba. Idan aka ce ya ɗauki haɗarin yawan motoci, ko dai ya nemi riba mai yawa, wadda direba zai biya, ko ya nemi ɗaya daga cikin kariyar da aka ambata.

Ƙasar Chile ta samo maganin da ya fi dacewa da wannan. Maimakon a tsayar da shekarun jingina, kowane kamfani yana faɗin jimillar kuɗin da yake so ya tara daga titin, a ƙimar kuɗin yau, kuma wanda ya nemi mafi ƙanƙanta shi ke ci. Idan motoci sun yi yawa, ya tara da wuri, titi ya koma hannun gwamnati da wuri. Idan sun yi kaɗan, wa'adi ya tsawaita zuwa iyakar da aka gindaya. Chile ta fara amfani da tsarin a 1998 kan hanya ta 68 tsakanin Santiago da Valparaíso. Wani alfanunsa shi ne idan gwamnati ta so karɓe titin kafin lokaci, diyyar ba abar jayayya ba ce, ita ce ragowar abin da bai tara ba, a cire kuɗin gudanarwar da ya huta da shi. Akwai kuma tsarin da gwamnati ke riƙe kuɗin wucewa da kanta, tana biyan kamfani ƙayyadadden kuɗi muddin titin yana buɗe cikin ƙoshin lafiya, tana zaftarewa kan kowane layi da aka rufe ko ramin da ba a cike ba cikin wa'adi. Rancensa ya fi arha, amma a kira shi da sunansa: bashin gwamnati ne, ya kamata ya fito a kasafi.

Batun farashi ma yana da sarƙaƙiya. Farashin da ya fi kawo wa kamfani kuɗi daban yake da wanda ya fi rage wa birni cunkoso. Kamfani zai fi son mota 40,000 masu biyan 5 a kan mota 60,000 masu biyan 3, ragowar 20,000 kuwa su koma lungunan unguwanni. A 1999 lardin Ontario na Kanada ya jinginar da titin 407 na yankin Toronto tsawon shekara 99 kan dalar Kanada biliyan 3.1, tare da ba kamfanin damar ƙara farashi muddin yawan motoci bai faɗi ƙasa da wani mizani ba. Gwamnatin da ta biyo baya ta yi yunƙurin taka masa birki a 2004, ta sha kaye a shari'a. A Santiago an yi farashi hawa uku, na lokacin sakewa, ninkinsa a lokacin cunkoso, da ninki uku idan titi ya cushe, kuma wannan yana da ma'ana domin yana rarraba motoci. Abin da ya jawo fushi shi ne ƙarin kashi 3.5 cikin ɗari duk shekara a kan hauhawar farashi. Adadin kamar ba komai, amma cikin shekara 20 yana ninka ainihin kuɗin, kuma bayan zanga-zangar 2019 aka cire shi.

Karɓar kuɗin kansa sana'a ce. Layi ɗaya na babban titi yana ɗaukar mota kusan 2,000 a awa, rumfar mai karɓar tsabar kuɗi kuwa da ƙyar ta sallami 300 zuwa 400. Kowane layi yana buƙatar rumfuna biyar ko shida ke nan, kuma a tsakiyar birni babu wannan fili. Tolget ɗin titin Delhi zuwa Gurgaon yana da rumfuna 32, duk da haka ya zama matattarar cunkoson da aka gina titin don magancewa, sai da aka cire shi a Fabrairun 2014. Mafita ita ce ƙarfen da ke gicciye a saman titi, ɗauke da na'urar da ke karanta ɗan katin da aka manna a gilashin mota da kyamarar ɗaukar lamba, mota ta wuce ba tsayawa. Sai dai wannan ya dogara ne kan abubuwan da ke hannun gwamnati: rajistar motoci mai adireshi na gaskiya, lambobin da ke karantuwa, da hukuncin da zai sa a biya. A Ontario wanda ya ƙi biya ana iya hana shi sabunta lambar motarsa. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu, inda hukumar titunan gwamnati ce ta kafa tsarin a Disamban 2013, akasarin direbobi sun ƙi biya, ba a iya gurfanar da dubban ɗaruruwan mutane ba, aka kashe na'urorin a Afrilun 2024, bashin ya koma kan baitulmali.

Abin da ya faru a Gauteng yana da nasaba da wani abu da masu lissafi kan raina: mutane sun fi haƙuri da kuɗi a kan sabon titi fiye da a kan wanda suka saba bi kyauta. Titin Lekki zuwa Epe a Legas tsohuwar hanya ce aka faɗaɗa. An fara karɓar kuɗi a Disamban 2011 cikin zanga-zanga, kuma a 2013 gwamnatin jihar ta sanar da saye jinginar. Babban titin Nairobi mai kilomita 27 da aka buɗe a 2022 an ɗora shi ne a kan layin tsohuwar hanya, aka bar ta ƙasa kyauta, mai gaggawa ya biya, wanda ba ya iyawa ya bi ta da.

Fili shi ne abin da ya fi jinkirta aikin birni. Titunan kuɗi da suka fita daga Madrid, waɗanda aka buɗe a 2003 da 2004, kotuna sun yanke diyyar filayensu a farashin da ya ninka ƙiyasi sau da dama, ga titunan kyauta a gefensu, ga matsin tattalin arzikin 2008. Kamfanonin suka karye, kuma daga 2018 gwamnatin Sifaniya ta karɓi tituna tara, har da waɗannan, tare da nauyin diyyar da doka ta ɗora mata. A titin Dakar zuwa Diamniadio, wanda aka buɗe a Agustan 2013, gwamnatin Senegal ce ta ɗauki nauyin tashin mutane da sake tsugunar da su da tallafin Bankin Duniya, ta kuma zuba kaso mai tsoka na kuɗin gini, kamfanin Eiffage na Faransa ya ɗauki sauran. Ƙa'idar da ta dace ita ce kada agogon ɗan kwangila ya fara bugawa sai an miƙa masa mafi yawan filin babu kowa a kai, an kuma gano inda bututun ruwa da wayoyin lantarki da na sadarwa suke binne. Duk watan da injuna suka yi a tsaye, ruwan bashi yana taruwa.

Idan rancen na dala ne, direbobi kuwa da kuɗin gida suke biya, akwai wani rami. A misalin da ya gabata, kuɗin ƙasa ya rasa kashi ɗaya bisa uku na darajarsa, miliyan 66 ta koma 44, gudanarwa ta koma 8, saura 36, bashi kuwa yana nan a 38, alhali ko mota ɗaya ba ta ragu ba. Ƙara farashi a irin wannan lokaci korar direbobi yake yi, domin su ma aljihunsu ya rame. Meksiko ta jinginar da tituna da dama daga 1989 da gajerun wa'adi da farashi mai tsada, kuɗinta ya faɗi a ƙarshen 1994, a 1997 gwamnati ta ceto jingina 23. Rance da kuɗin gida, daga asusun fansho da kamfanonin inshora masu neman inda za su ajiye kuɗi shekara ashirin, ya fi aminci ko da ruwansa ya fi yawa.

Shekarun ƙarshe na jingina suna da nasu haɗari. Fuskar kwalta tana buƙatar sabuntawa kusan duk shekara 10 zuwa 15, haɗin gadoji da matashin da ke tsakaninsu da ginshiƙansu suna da nasu wa'adi, na'urorin karɓar kuɗi kuwa sun fi komai saurin tsufa. Lalacewar titi tana ƙaruwa da nauyin gatarin mota fiye da yadda ake zato: idan nauyin gatari ya ninka biyu, ɓarnar tana kusan ninka 16, don haka dole yarjejeniya ta faɗi wanda ke da ikon auna tirela da sauke mata kaya. Kamfanin da ya rage masa shekara huɗu ba shi da dalilin kashe kuɗin da wani zai ci moriyarsa. Yarjejeniya mai kyau tana sa injiniya mai zaman kansa ya duba titin shekara biyar kafin miƙawa, ya auna santsin kwalta da zurfin sawun taya da sauran shekarun da kowace gada za ta iya yi, ya ƙiyasta kuɗin gyara, sannan a riƙa cire wannan kuɗi daga abin da ake tarawa ana ajiyewa a asusun da kamfani ba zai taɓa ba sai an sake dubawa an sa hannu cewa aikin ya cika.